Toraye Bakwai, Agwagwa Ɗaya

Yaran yanzu idan suka zo sayen agwagi a wurina, bakinsu ɗaya ne. "Baba Sale, ai agwagwa ita ke kiwon kanta, ko? Dusa ce kawai da ruwa." Sai in ce haka ne, in sa musu a kwando, su ɗaure a bayan babur su tafi suna murna. Bayan wata huɗu ko biyar sai ga su sun dawo fuska a yamutse. Mace ɗaya tana ɗingishi, ɗaya ƙeyarta ta zama sanƙo, ɗaya an tsince ta a sandare bayan randa, shi kuwa toron ya kori ƙaramar yarinyar gidan har ɗakin uwarta. To, tunda kun nace sai na faɗi abin da na sani, ga shi. Kiwon agwagwa ba shi da wuya. Kiwon toro shi ne aikin, kuma ban gane haka ba sai da ya sa na yi wa wani mutum ɓarnar da ban iya gyarawa ba.

Ku fara da sanin halinsa. Zakara in zai yi faɗa sai unguwa ta ji. Toron agwagwa ba ya cara, ba ya kuka. Huci kawai yake yi, yana miƙa wuya gaba yana dawo da shi, yana kaɗa wutsiya, jan naman fuskarsa yana ƙara ja. Wanda bai sani ba cewa zai yi gaishe shi ake yi. Duk abin da toro zai aikata, mai kyau da maras kyau, a shiru yake aikata shi.

Toron farko da na kama da hannuna na Goggo Indo ne, ƙanwar mahaifina, a ƙauyen Ƙofa. Shekarar da aka sami mulkin kai aka tura ni wurinta in riƙa yi mata noma, don mijinta ya rasu kuma ba ta da ɗa namiji. Ranar da na isa, ko ruwa ban sha ba, wani ƙaton toro ya taso daga gindin rumbu ya cafke ni a ƙwauri. Na zuba a guje har zaure. Goggo tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To, ka gudu," in ji ta. "Yanzu ka zama matarshi. Koma ka kama shi."

Ita ta nuna mini yadda ake yi. Ba a dukansa, duka ƙara masa ƙarfin hali yake yi. Tsayawa za ka yi cak. Idan ya kawo wuya ka riƙe shi ta bayan kai da hannu ɗaya, ɗayan hannun ka haɗe fikafikan, ka danne shi ƙasa ƙirjinsa a turɓaya, ka kula da faratansa don suna tsaga fata. Kada ka sake shi sai hucin ya tsaya, ka ji jikinsa ya saki a hannunka. Idan ka sake shi kuma kada ka riga shi barin wurin. Kwana uku na yi masa haka, ran na huɗu ya ba ni hanya.

Kayan aikin Goggo ba su da yawa. Akwai tsohuwar askar mijinta, da ita take rage gashin fiffike ɗaya don kada su tashi sama. Akwai babban kwando na kifewa, da fasassun tuluna da take kwantarwa a inuwa don kwanci, da ƙoƙon man kaɗanya. Sai kasko, mai faɗi amma ba zurfi, ruwan cikinsa bai wuce tsawon yatsa ba. A nan suke wanka, a nan toro yake barbara. Kullum sai na ɗebo ruwa daga rijiya na canza shi sau biyu, alhali ga kududdufi a bayan gida cike da ruwa. Da farkon damina kuwa, lokacin da jinin toraye ke tashi, ko ƙofar gida ba ta barin su leƙa.

Ƙa'idarta toro ɗaya, mata biyar. Samarin maza da zarar fuskarsu ta fara ja, sai kasuwa. Kowace safiya kuma tana kama matan ɗaya bayan ɗaya ta shafa ƙeyarsu da babban yatsa, don a nan toro ke riƙewa da baki idan ya hau. Wadda ta ji gashinta ya fara zuba, sai ta shafa mata man kaɗanya ta kife ta a kwando ta huta. Na taɓa tambayarta me ya hana a bar su su je kududdufi, mu huta da jan guga.

"Yi abin da anka ce maka," in ji ta.

Goggo ba ta bayar da dalili. Aibinta ɗaya ke nan da na sani, Allah ya jiƙanta.

Agwaginta duk iri ɗaya ne: kowace tana da farin tabo a tsakar ka, kamar an ɗora mata 'yar hula. Da na yi aure zan koma gonar da mahaifina ya bar mini, a bakin hanyar Kano zuwa Katsina kusa da Kankia, ta zaɓo mata uku ta sa mini a kwando.

"Irin uwata ne," ta ce. "Ita ma ga uwarta ta same shi. Kada ka bari shi ƙare a hannunka."

Bayan shekara biyu ta rasu, kuma annoba ta share na gidanta a daminar nan. Daga ranar, duk ƙasar nan babu mai irin sai ni.

Masu saye a lokacin ba mutanenmu ba ne. Namu cewa suke naman agwagwa yana tayar da kuturta, wasu kuma ƙyama ce kawai don suna ganin ta a kwata. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti 'yan kudu su ne kasuwata. Sai matan Fulani masu tallan nono, da suke kawo ƙwan zabi in sa wa agwagwa ta kwanta a kai, don ita ba ta gajiya da kwanci, idan an ƙyanƙyashe mu raba. Akwai kuma masu zuwa su kaɗai suna neman farin toro tas, ba sa faɗin abin da za su yi da shi, ni ma ba na tambaya. A haka na kai mata goma sha biyu da toro biyu, kowanne da ɓangarensa, zana a tsakani.

Bayan an gama yaƙin basasa kuɗin mai ya fara shigowa, aka zo gyaran titi. Daura da gidana, tsallaken hanya, akwai wata tsohuwar tsamiya wadda ba wanda yake zama a ƙarƙashinta da tsakar rana. Ba a taɓa gaya mini dalili ba, kowa dai ya tashi ya ga ana kauce mata. Masu aikin suka ce jar ƙasar wurin suke so. Katafila ta tumɓuke ta a wuni ɗaya, suka haƙa, suka kwashe, suka tafi suka bar rami wanda in mutum biyu suka hau kan juna ba a ganin na sama. Damina ta cika shi. Agwagina suka ji ƙanshin ruwa, ga kuma hatsin da ke zuba daga manyan motoci a kan kwalta. Ni kuma na duba guga, na duba ruwan banza a ƙofar gida, na ce Goggo ai tsohuwa ce. Na kife kaskon a bayan ɗaki.

Wata rana da hantsi na ji ƙarar birki mai tsawo. Na fito na tarar da gingimari tsaye a karkace, direban ya sauko, wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji, ya ɗauko agwagwata da hannu biyu ya kwantar da ita a gefen hanya. Ya laluba aljihu ya ciro kwabo, ya buɗe bakinta ya sa mata. Sunansa Mudi, gyaɗa da auduga yake ɗauka.

"Taka ce, malam?"

"Tawa ce. Kwananta ne ya ƙare, tahi abinka."

"Ba a tahiya hakanan," in ji shi. "Mu direbobi, wanda ya taka agwagwa bai maida ta ba, ba shi kai ƙarshen shekara bisa hanya. Kuma ba kuɗi ake badawa ba. Rai ake maidawa."

Bayan mako guda ya dawo da toro a rungume, baƙi ƙirin, ban taɓa ganin mai girmansa ba. Ya ɗaura masa jan zare a ƙafar dama. Na ce ai mace ya kashe, mace ya kamata ya kawo.

"Haba malam, 'yar wannan abar? Ai kunya ce. Wanda ya hi kowane a kasuwa na zaɓo." Sai ya rage murya. "Amma da sharaɗi. Wanga nawa ne, ajiya na ba ka. Wuƙa ba ta taɓa shi, ko gashi ɗaya. Ba ka saida ma mai yankawa. In dai shina numfashi, ni da motata lahiya muke."

Ni ban yarda da wannan magana ba, camfi na ɗauke ta. Amma toro ne na gani na faɗa, kuma kyauta. Na ce na yi alkawari.

Labari ya bazu a tasha cewa akwai mai agwagi kusa da Kankia da yake karɓar ajiya. Cikin shekara uku motoci suka taka mini mata bakwai har da ta Mudi, kuma kowane direba namiji yake kawowa, mafi girma, da zarensa a ƙafa da sharaɗinsa. Ana cikin haka fari ya zo. Dusa ta yi wuya har mutane suna cin ta, na sayar da torayena biyu da duk wani ɗan tsako, ban bar ko mace ɗaya ta yi kwanci ba. Sai na wayi gari da toraye bakwai waɗanda ba ni da ikon yankawa, ba ni da ikon rage musu fiffike, da mata biyar. Na san ƙirgen Goggo sarai. Amma direbobi suna danna mini oda in za su wuce, ana sauke mini goro da gishiri, ana kai ni Kano kyauta a gidan gaba. Wa zai ce a daina? Kuma a shekarun farin ramin laka ce kawai a ƙasansa, torayen ma yunwa ta kwantar musu da jini, ban ga komai ba.

Shekarar da ruwa ya dawo ita ce muguwar shekarata. Ramin ya cika har baki, ciyawa ta fito, torayen suka yi ƙiba, fuskokinsu suka yi jawur. Wata mai nono, Dije, ita ta fara tsayawa a ƙofar gida da azahar ta ce in zo in gani. Agwagwata ce a cikin ramin, fikafikai a buɗe a kan ruwa, kai a ciki. Na jawo ta da gora. Babu jini, babu karaya, babu alamar haƙori. Na ce maciji ne. Bayan kwana huɗu aka sami ta biyu, a wuri ɗaya, kwance iri ɗaya.

Abin da ya fara damun mutane shi ne lokacin. Da hantsi kowa ya gan su lafiya suna kiwo. Kafin a kira azahar ɗaya ta mutu. Dai-dai lokacin da ake kauce wa tsamiyar ke nan. Masu nono suka canza hanya, suna zagayawa ta bayan gonaki da ƙoransu a ka. Mai unguwa ya zo da kansa ya tsaya a bakin zaure, ya ƙi zama.

"Sale, masu wurin nan an tada masu gida ba a sallame su ba. Yau agwagi suke ɗauka. In sun gama da su, mi za su koma ɗauka? Ɗiyanmu na wasa a nan."

Aka karɓo rubutu aka zuba a ramin. Ni kuma na yi dabarata: na ɗauko aska na rage wa matan ukun da suka rage fikafikai, don kada su haura katanga su tafi. Ban san cewa ɗaure su na yi na miƙa ba. Ta rariyar kwata suka riƙa fita, kuma yanzu ko sun so tashi daga kan ruwa ba su iyawa. Ta uku ta mutu a makon.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata, kuma na fara yarda da maganar mai unguwa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba ramin ba ne, dawowar torayen ce. Kullum dab da azahar sai su tsallako titi a jere, baƙin nan na Mudi a gaba, jikinsu sharkaf, su shigo su jeru a inuwar katanga suna fuskantar wuri ɗaya. Ba huci, ba kaɗa wutsiya, ko dusa aka zuba ba sa kallo. Matata Hauwa ta daina yin daka a tsakar gida a wannan lokaci. Ta ce ji take kamar sun ga wani abu ne suka dawo ba su da bakin faɗa.

Ta huɗu da na jawo daga ruwa, na rungumo ta zan kai bayan gida in binne, sai babban yatsana ya tafi ƙeyarta da kansa, yadda ya saba a gidan Goggo. Babu gashi ko ɗaya. Fatar ta yage, ta yi baƙi, jiƙaƙƙen gashin wuya ne ya kwanta ya rufe wurin. Na tsaya da ita a hannu ina lissafin rabona da shafa ƙeyar agwagwa. Ya fi shekara uku.

Saura ɗaya ke nan a duniya daga irin Goggo. Mai Hula muke ce mata, don nata tabon ya fi na kowa faɗi. Washegari na kife ta a kwando, na ɗora dutse, na tafi gona. Rana na take tsaka na dawo. Kwandon yana gefe a birkice, tsakar gida ba kowa, ko kaza ba ta motsi. Na suri gora na tsallaka titi.

Ba iska, ba mota ko ɗaya a kan hanya, kwalta sai turiri take. Ruwan ramin ja ne, a kwance lumui, saiwoyin tsamiyar suna leƙowa daga gefe ɗaya. A tsakiya ga toraye bakwai sun yi da'ira. Ban ji sautin komai ba, ko fantsamar ruwa. Baƙin yana bisa wani abu da ban gani ba tukuna, bakinsa a cikin ruwa yana riƙe. Da ya sauka sai farin tabo ya ɓullo, ta buɗe baki ta ja numfashi sau ɗaya, na biyu ya hau, kanta ya koma ƙasa. Sauran biyar suna jira, kowa ya san bayan wa yake.

Ban iya ruwa ba. Na shiga har gwiwa, har ƙugu, har ƙirji, laka tana jan ƙafata. Da ruwa ya kawo mini wuya na miƙa gorar na riƙa dukan ruwa. Shida suka watse. Baƙin bai gudu ba, ya juyo ya zuba mini ido, da ni da shi kanmu kaɗai ne a saman ruwa. Na saƙalo ta da bakin gorar na jawo, na fito da baya da baya. A gida na juya ta kai ƙasa ruwa ya fita, na shafa mata man kaɗanya, Hauwa ta naɗe ta a tsumma kusa da murhu. Wajen la'asar ta ɗaga kai.

Ranar na gane kaskon Goggo. Toro ya ninka mace nauyi, kuma ƙeya yake dannewa. A ruwan da bai wuce yatsa ba, ƙafarta tana ƙasa, hancinta yana waje. A ruwa mai zurfi, toro ɗaya ma sai da sa'a, balle bakwai suna karɓa-karɓa. Babu wani mai tsamiya a cikin ramin nan. Ni ne na kife kasko, ni na tara maza, ni na aske fikafikan.

Shida na rabar da su cikin mako biyu, wasu ƙauyen Sukuntuni, wasu ƙauyen Boko, ga mutanen da suka yarda da sharaɗin ba wuƙa, na kuma aika wa masu su inda ajiyarsu ta koma. Baƙin ne ya gagara. Na kewaye shi da zana, ya haura. Na ɗaure masa ƙafa da igiya, ya yi ta fizga har ƙafar ta fara jini, na kwance don kada ya mutu a hannuna. Na kai shi gidan surukina a Sukuntuni, ran na uku da tsakar rana muka ɗaga kai muka gan shi a kan katanga. Na sa shi a buhu na kai shi Boko. Kwana shida, da tsakar rana, ga shi a kan rumbu, jan zarensa yana lilo.

A lokacin Mai Hula ta yi ƙwai tara ta kwanta a kai, kuma agwagwa mai kwanci ba a kai ta wani gari, watsar da ƙwan za ta yi. Na shigar da tulunta ɗakina. Wata rana na dawo daga gona na ji Hauwa tana kirana daga bayan gida, ta ƙi matsowa. Ya bi ta ƙarƙashin asabari ya shiga, ya jawo ta daga kan ƙwai ta ƙeya har bakin ƙofa. Ƙwai uku sun fashe, ciwon da ya fara warkewa ya buɗe.

A lissafina saura kwana biyu Mudi ya wuce. Da na jira na gaya masa, ƙila da mun sami mafita, ko da ya ɗauki abinsa ya kai Kano. Ban jira ba. Raina ya ɓaci, kuma na gaji da ganin idon tsuntsun nan. Na kama shi yadda Goggo ta koya mini, hannu ɗaya a bayan kai, ɗaya a fikafikai, na danne shi har hucin ya tsaya. Na fuskantar da shi alƙibla na yanka. Bai yi shure-shure ba sam, abin da ban taɓa gani ba ga agwagwa. Ba mu ci ba. Na kwance zaren na sa a aljihu, na binne shi a bayan rumbu.

Da la'asar ɗin ranar na ji oda sau biyu, irin ta Mudi. An canza masa lodi ne ya rigayi ranarsa. Ya sauko da ƙullin goro yana fara'a.

"Malam Sale, ina abokina?"

"Shina rami," na ce.

Ya miƙo goron, sai idonsa ya tsaya a hannun rigata. Ya sa yatsa biyu ya ciro wani ɗan gashi baƙi da jini ya manne a wurin. Ya daɗe yana kallonsa.

"Yaushe?"

"Da azahar."

"Da azahar ina bisa hanya," in ji shi, kamar da kansa yake magana.

Na fara bayani, agwagwar, da ramin, da ƙwan. Ya saurara har na gama. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Ya koma mota ya ɗauko butarsa da buzunsa, ya miƙa wa abokin tuƙinsa makulli, ya kama gefen hanya da ƙafa ya nufi Kankia, can nesa da kwalta, ta cikin ciyawa.

Motar ta isa Katsina lafiya. Ta yi shekaru tana aiki a hannun wani. Shi ma Mudi babu abin da ya same shi, ko tuntuɓe. Amma bai ƙara riƙe sitiyari ba, bai ƙara shiga mota ba ko a matsayin fasinja. Mutumin da yake karyawa a Katsina ya yi azahar a Kano ya koma sayar da goro a faifai a bayan tasha, a jikin bango, inda mota ba ta iya kaiwa. Na je na ba shi haƙuri ya fi sau goma. Na kai masa liman ya gaya masa camfi ne, rai da ajali a hannun Allah suke.

"Na sani, Malam," in ji Mudi. "Wallahi na sani. Ƙahwata ce ta ƙi."

Mai Hula ta cika kwana talatin da biyar a kan ƙwai shidan da suka rage, duk suka ƙyanƙyashe. Huɗu baƙaƙe ne ƙirin, da farin tabo a ka. Duk agwagwar da kuka taɓa saya a wurina daga cikinsu ta fito, jinin Mai Hula da na toron Mudi. Na tono kaskon daga bayan ɗaki, kuma tun daga ranar guga nake ja.

Da Mudi ya tsufa ciwo ya kama shi, 'ya'yansa suka kawo mota za su kai shi asibiti, ya riƙe ƙafar gado ya ƙi. Na je duba shi. Ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi magana.

"Sale, agwagwar nan, ta rayu kuwa?"

Shekara da shekaru muna gaisawa bai taɓa tambaya ba. Na ce ta rayu, jikokinta sun cika ƙasar nan.

"To, madalla." Ya juyo ya dube ni. "Ni kullum jira nake abin shi zo. Har yau bai zo ba."

Bayan kwana biyu ya cika a kan gadonsa. Maƙabartar tana tsallaken titi, a kafaɗa muka ɗauke shi, ina riƙe da gaban makara. Da muka hau kwalta motoci suka tsaya mana ta ɓangare biyu, manya da ƙanana, har muka wuce.

Jan zaren yana nan a cikin ƙoƙon man kaɗanya, kullum da safe ina ganinsa idan zan shafa ƙeyar matan. Saboda haka toro ɗaya, mata biyar. Kasko, ba rami ba. Ku shafa ƙeya kowace safiya. Wanda ya kawo muku toro da sharaɗi, komai girmansa, ku ce ya koma da abinsa. Goggo ba ta gaya mini dalili ba. Ni na gaya muku.